Yadda ake gane waɗanda za su shiga gasar besbol ta jami'o'in Amurka tun kafin a sanar

Ƙanena, tambayarka ta iso. Ka ce wannan ce shekararka ta farko a jami'a a Amurka, abokan ɗakinka suka riƙa janka kallon besbol har wasan ya shiga ranka. Ƙungiyar makarantarku ta ci wasa kusan arba'in a bana, amma ana ta raɗe-raɗin ba za ta samu shiga gasar ƙasa ba, alhali wata jami'ar kudu da da ƙyar ta haura nasara talatin kowa na cewa ta shiga ta gama. Kana so ka san ta ina masu hasashe suke sanin haka tun kafin a sanar, kuma ko akwai adalci a ciki.

Na daɗe ina bin wannan lissafi, tun ina ɗalibi ina taya ofishin wasannin makarantarmu rubuta alƙaluman wasa, kuma har yau duk watan Mayu sai na zauna da takarda na fitar da nawa jerin sunayen. Abin da shekarun nan suka koya mini shi ne, mai hasashe yakan ajiye ra'ayinsa a kan wace ƙungiya ta fi iya wasa, ya koma karantar kwamitin da zai yi zaɓen: me suka saba dubawa, me suka saba yafewa, me ba su taɓa yafewa ba.

Fara da ƙirga kujeru. Jami'o'i kusan 300 ne ke buga besbol a babban mataki na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, gasar kuma tana ɗaukar 64 tun daga 1999. To amma wajen rabin kujerun nan ba a hannun kwamiti suke ba. Kowace lig, wato gungun jami'o'in da ke buga kakar wasa da juna, tana da tikiti ɗaya na kai tsaye, kuma kusan dukkansu suna miƙa shi ne ga wanda ya ci ƙaramar gasar da lig ɗin ke shiryawa a makon ƙarshe na Mayu. A 2025 irin waɗannan tikitoci 29 ne, kwamiti ya raba ragowar 35. Cikin 35 ɗin ma, fiye da ashirin kowa ya san masu su tun tsakiyar wata. Duk hayaniyar da kake ji a kan kujeru bakwai ko takwas ake yin ta, masu neman su kuma sukan kai goma sha biyar. A cikin wannan cunkoson na bakin ƙofa ƙungiyarku take.

'Yan kwamitin daraktocin wasanni ne na jami'o'i da jami'an lig-lig daban-daban. A gaban kowannensu akwai takardar kowace ƙungiya, kuma lambar da ido ke fara sauka a kanta ita ce ta ma'aunin da suke kira RPI. Ka fahimci wannan ma'auni, ka fahimci rabin amsar tambayarka. Kashi 25 cikin ɗari ne kawai na makin yake fitowa daga nasarorin ƙungiyar kanta. Kashi 50 yana fitowa ne daga yawan nasarar waɗanda ta kara da su, ragowar 25 kuma daga nasarar abokan karawar abokan karawarta. Wato kashi uku cikin huɗu na lambarka wasu ne suke rubuta maka ita. Idan kuka je kuka lallasa ƙungiyar da ta sha kashi sau arba'in a kakar, kun ƙara nasara ɗaya a ɗan ƙaramin kasonku, amma kun jawo tarin kashin da ta sha kun zuba a babban kason. Sau da yawa ƙungiya takan ci wasa da daddare, da safe ta tarar lambarta ta ja baya. Jami'ar kudun nan da kake magana kuwa, ko an doke ta, wanda ya doke ta gagarumi ne, kuma girmansa yana shiga lissafinta.

Tun 2013 aka ƙara wani gyara a ma'aunin: nasara a gida tana da nauyin 0.7, nasara a gidan wasu 1.3. Shan kashi a gida 1.3, a waje 0.7. An yi haka ne saboda makarantun arewacin ƙasar. Kakar wasa tana farawa ne a tsakiyar Fabrairu, lokacin da filayen jihohi irin su Michigan da Minnesota da New York suke ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Dole ƙungiyoyinsu su kwashi kaya su nufi Florida ko Texas ko jihohin Carolina, su yi wata guda ko fiye suna buga wasa a gidajen mutane, wasu ma ba su taɓa yin atisaye a fili buɗaɗɗe ba kafin wasan farko. Na bi irin wannan tafiyar sau ɗaya. Mun tashi daren Laraba a bas, yara suna rubuta aikin makaranta a kan cinya da fitilar waya, muka sauka da rana tsaka a garin da ciyawa take kore shar, abokan karawarmu sun yi makonni suna atisaye a rana. Mai tsaron bayan filinmu ya gaya mini rabonsa da ya ga ƙwallo ta tashi sama a sararin samaniya tun watan Oktoba, duk a cikin zaure suke yi, rufi yana tare ta. A ranar farko ƙwallo biyu suka faɗi a gabansa. Wasannin nan na Fabrairu suna cikin takardar da kwamiti zai duba a Mayu, da nauyinsu cif. Gyaran 2013 ya rage zaluncin, bai kawar da shi ba.

Bayan lambar, sai su duba waɗanda ka doke. Ana kasa wasanni aji huɗu. Ajin farko shi ne wasa da ƙungiyar da ke cikin 25 na sama idan a gidanka ne, cikin 40 idan filin ba na kowa ba ne, cikin 60 idan kai ka je gidanta. Ajin ƙarshe shi ne na raunana. Ka buɗe takardar ƙungiyarku ka duba layin farko da na ƙarshe. Idan nasarorinku na ajin farko ba su wuce uku ko huɗu ba, kuma fiye da rabin arba'in ɗin nan daga aji na huɗu suka fito, ka riga ka san dalilin raɗe-raɗin. Shan kashi a aji na huɗu kuwa tabo ne da ba ya wankuwa, musamman a gida.

Akwai abin da lamba ba ta nunawa sai ka san yadda makon besbol yake tafiya. Ƙungiya tana da damar buga wasa 56 kafin gasa. Juma'a da Asabar da Lahadi ake karawa sau uku a jere da abokin karawa ɗaya, a nan ne koci yake fito da manyan masu jifansa, wato masu jefa wa mai sanda ƙwallo, gwanin cikinsu ranar Juma'a. Wasan Talata ko Laraba kuwa guda ɗaya ne, galibi da yaran da ake gwadawa ake jifa. Saboda haka idan kun doke babbar jami'a ranar Talata, abin murna ne, yana kuma taimakon lamba, amma mutanen kwamiti sun san ba ainihin ƙarfinta kuka gani ba. Cin biyu cikin uku a ƙarshen mako a gidan ƙungiya mai ƙarfi, wannan shi ne abin da ake ɗagawa a teburin muhawara. Ni idan ina kwatanta ƙungiyoyi biyu da lambarsu ta yi kusa, abin da nake fara ƙirgawa ke nan: karawar ƙarshen mako nawa kowace ta ci a kan waɗanda su ma za su shiga gasar.

Sai jadawalin wajen lig. Ba wanda zai zarge ku don lig ɗinku mai rauni ce, ba ku kuka zaɓe ta a bana ba. Amma makonni huɗu ko biyar na farkon kaka kocinku ne ya zaɓi waɗanda zai buga da su, kuma kwamiti ya sha hukunta wanda ya cika su da raunana don ya tara nasara. Tsoron lamba ya haifar da wata ɗabi'a da ba na so ko kaɗan: a watan Mayu za ka ga wasu manyan makarantu suna soke wasan tsakiyar mako da ƙaramar ƙungiya, don ko sun ci lambarsu za ta sauka. Yaran ƙaramar makarantar nan wataƙila shekara guda suna jiran ranar da za su taka wannan filin. Ma'aunin da yake sa ƙin buga wasa ya fi buga shi riba yana da gyara a gabansa.

Shekarar 2022 ita ce nake koyar da kowa da ita, domin duk abin da ke cikin tambayarka ya faru a cikinta. Rutgers, jami'ar jihar New Jersey, ta ci wasa 44 ta sha kashi 15, ta kai wasan ƙarshe na gasar lig ɗin Big Ten, Michigan ta doke ta. Aka bar ta a gida, saboda jadawalinta na wajen lig ba shi da nauyi. NC State, ta jihar North Carolina, ta ci 36, ta kai wasan ƙarshe a lig ɗin ACC, lambarta tana cikin talatin da 'yan kai, kusan duk masu hasashe sun sa ta a ciki. Ita ma aka bar ta, kuma shekara guda kafin nan cutar korona ce ta fitar da ita daga gasar tana dab da wasan ƙarshe, ka ga ciwo a kan ciwo. Wadda aka ba kujerar ƙarshe ita ce Ole Miss, wato jami'ar Mississippi, wadda ta ci 14 ta sha kashi 16 a SEC, lig ɗin manyan jami'o'in kudu maso gabas, a wani lokaci ma tana da 7 da 14, kuma aka fitar da ita a wasan farko na gasar lig ɗinta. Mutane suka yi ta kumfar baki. Ole Miss ta je Miami ta ci rukuninta na ƙungiya huɗu a zagayen farko, ta je Hattiesburg ta doke Southern Miss, ta isa Omaha, garin da ake kammala gasar, ta doke Oklahoma sau biyu ta ɗauki kofin ƙasa. Wasa 11 ta buga a gasar, ɗaya kawai ta rasa.

Ba ita kaɗai ba ce. Oregon State ta shiga a 2007 da 10 da 14 a lig ɗinta, ta ɗauki kofi. Florida a 2024 ta shiga da nasara 28 da kashi 27. Ƙa'ida ita ce kwamiti ba ya ba ƙungiya kujera sai nasarorinta sun rinjayi kashin da ta sha, to da wasa ɗaya tak Florida ta tsallake, amma jadawalinta yana cikin mafi tsauri a ƙasar, kuma sai da ta kai cikin huɗun ƙarshe. Irin waɗannan ne hujjar kwamiti duk lokacin da ya fifita ƙungiyar SEC mai matsakaicin sakamako. Lig ɗin tana buga wasa 30 a tsakaninta, kuma masu hasashe sun daɗe da gane cewa wadda ta ci 14 a ciki kusan ta shiga, mai 13 tana da magana, mai 12 sai dai addu'a.

Ka tambaye ni adalci, ga ra'ayina. Na yarda SEC ce lig mafi ƙarfi, kuɗi da filaye da 'yan kallo da yanayi duk suna wajenta. Amma nasarar Ole Miss ba ta nuna Rutgers ba ta cancanta ba, domin ba a bar Rutgers ta buga ba balle a gani. Kuma ma'aunin yana ciyar da kansa: ƙungiyoyin babbar lig sukan tara nasara a gida a Fabrairu da Maris, sannan su shiga karawa da juna, kowace tana ɗaga lambar 'yar'uwarta ko ta ci ko an ci ta. A 2025 SEC ta samu kujeru 13 cikin jami'o'inta 16, abin da ba a taɓa yi ba, takwas daga ciki kuma suka karɓi baƙuncin zagayen farko a filayensu. Huɗu ne kacal suka tsallake zagayen farko. Vanderbilt, lamba ɗaya a ƙasar, Wright State ce ta kore ta a filinta. Texas, lamba biyu, jami'ar UTSA ta garin San Antonio ta fitar da ita. Murray State kuwa, ƙaramar makaranta daga Kentucky da aka sa a matsayi na huɗu a rukuninta, ta doke Ole Miss a gidanta, garin Oxford na Mississippi, ta doke Duke, ta isa Omaha. Gaskiya ne LSU ta jihar Louisiana, 'yar SEC, ita ta ɗauki kofin a ƙarshe, karo na takwas. Duk da haka ina ganin kujera ta goma sha biyu da ta goma sha uku na babbar lig sun fi dacewa da ƙungiyar da ta mamaye ƙaramar lig ɗinta wata uku, ta yi tuntuɓe a yini ɗaya.

Wannan tuntuɓen na yini ɗaya shi ne abin da ya kamata ya hana ka barci a makon ƙarshe, kuma ba tuntuɓen ƙungiyarku kaɗai ba. Masu bin wasan suna da suna ga ƙungiyar da ba ta da wata hanyar shiga sai ta ci gasar lig ɗinta, kuma ta ci: ɓarauniyar kujera. A 2023 Tulane ta ci gasar lig ɗin American da nasara 19 da kashi 40. Wadda ta doke a wasan ƙarshe, East Carolina, da ma za ta shiga ko ta wane hali, sai kwamiti ya ba ta ɗaya daga cikin nasa kujerun. Lig ɗin da aka yi wa lissafin kujera ɗaya ta tashi da biyu, wani a can wata jiha da bai san hawa ba bai san sauka ba ya rasa tasa. Don haka a wannan makon ka zama mai goyon bayan duk wata ƙungiya mai ƙarfi a ƙaramar lig, ko ba ka taɓa jin sunanta ba. Duk wadda ta faɗi a cikinsu, layin ya matso ya cinye mutum ɗaya daga ƙasa. A hasashena nakan ware kujeru biyu tun farko in ce na ɓarayi ne, wanda duk yake cikin biyun ƙarshe a jerina ban ɗauke shi a matsayin wanda ya shiga ba. Su ma ɓarayin ba a raina su: Fresno State ta shiga ta wannan ƙofar a 2008, a matsayi na huɗu a rukuninta, ta doke Georgia ta zama zakara.

A saman jerin kuma wata muhawarar ce daban, ta masu masaukin baƙi. Ana raba 64 ɗin rukuni 16, kowane da ƙungiya huɗu a filin ɗaya daga cikinsu, sai an doke ka sau biyu kake fita. Waɗanda suka ci rukuni su kara biyu-biyu, wanda ya riga cin wasa biyu cikin uku ya wuce, takwas su tafi Omaha a jihar Nebraska, inda ake kammala gasar tun 1950. Tun 2018 ake jera masu masaukin daga 1 zuwa 16, kuma takwas na sama suna da tabbacin zagaye na biyu ma a gidansu za a yi idan sun tsallake. Shi ya sa tazarar da ke tsakanin lamba 8 da lamba 9 ta fi ta ko'ina tsada. Dole makaranta ta nemi karɓar baƙin, ta nuna tana da fili da fitilu da masauki. Indiana State ta ci rukuninta a gida a 2023, hakkinta ne ta karɓi zagaye na gaba, amma garinsu Terre Haute yana da wani babban taron wasannin masu buƙata ta musamman a wannan makon, sai ta tafi gidan jami'ar TCU a Texas ta buga, aka fitar da ita a can. Wajen rarraba sauran ƙungiyoyi, ba a haɗa 'yan lig ɗaya a rukuni ɗaya, kuma ana ƙoƙarin tura kowa inda bas zai kai shi. Idan kana so ka yi hasashen inda za a tura ku, buɗe taswira ka ga wane mai masauki ne ya fi kusa da ku wanda ba ɗan lig ɗinku ba. Lamba ɗaya ma ba ta ba da tabbacin kofi: daga Miami a 1999 sai Tennessee a 2024 ne mai wannan lambar ta sake ɗauka.

Ana sanar da garuruwa 16 masu masauki daren Lahadi, cikakken jerin kuma ranar Litinin ta ƙarshe a Mayu, ranar da Amurkawa ke tunawa da sojojinsu da suka mutu a fagen daga, da ƙarfe 12 na rana agogon gabashin ƙasar. Na taɓa zama a ɗakin da ƙungiya ta taru tana jiran sunanta. An jera kujerun roba a gaban babban talabijin, an sayo abinci ba wanda ya taɓa, 'yan shekarar ƙarshe suna gaba da hulunansu a hannu. Rukuni-rukuni ake bayyanawa, kuma kowa a ɗakin ya san garuruwa uku da za a iya tura mu. Na farko ya wuce da sunan wasu, na biyu ya wuce. Da na uku ya fito ba mu a ciki, saura rukuni biyar ba a karanta ba, amma wani mai jifa da ya yi shekara huɗu a makarantar ya sunkuyar da kai ya fara kwance igiyar takalminsa a hankali. Koci ya bari har aka gama karanta na ƙarshe kafin ya tashi ya kashe talabijin. Tun ranar ban ƙara ɗaukar wannan lissafin a matsayin wasan lambobi kawai ba.

Ga abin da za ka yi a aikace. Shafukan D1Baseball da Baseball America suna fitar da hasashen jerin 64 a kai a kai, a makon ƙarshe ma kusan kullum, shafin Warren Nolan kuma yana nuna lambar RPI da ajin kowane wasa ana gama shi. Ka duba lambarku. A abin da na saba gani, wadda take cikin 30 na sama da wuya a bar ta, daga 30 zuwa 50 filin muhawara ne, wadda ta haura 55 kuwa sai da wata babbar hujja. Sannan ka ɗauko ƙungiyoyi biyar na sama da ku da biyar na ƙasa, ka rubuta wa kowace nasarorin ajin farko, kashin aji na huɗu, matsayinta a lig, da yadda ta buga wasanninta goma sha biyar na ƙarshe. Idan ku ne kuka zo na ɗaya a teburin lig ɗinku a tsawon kaka, ka ja layi a ƙarƙashinsa, kwamiti yakan girmama wannan. Idan kun kara kai tsaye da ɗaya daga cikin goman nan, sakamakon yana iya raba gardama.

Daga yadda ka kwatanta ƙungiyarku, ina ganin tana buƙatar ta kai aƙalla wasan ƙarshe na gasar lig ɗinku, kuma a kan hanya ta doke ƙungiya mafi ƙarfi a cikinta, sannan ɓarayin kujera kada su wuce ɗaya a bana. Ko hakan ya samu, ka tuna Rutgers ta kai wasan ƙarshe. Hanya ɗaya da ba ta bi ta teburin kwamiti ita ce ku ɗauki kofin lig ɗin da kanku, don haka ka sa ido a kan yadda kocinku zai raba masu jifansa: idan ya ƙone gwanayensa biyu a wasannin farko, wa zai riƙe ƙwallo ranar Lahadi? Ka turo mini lambarku da jerin waɗanda kuka doke a waje bayan wasan Alhamis, mu sake zama a kai.